Darasi Daga Farkon Aikin Soja na Joj Washinton

Yawancin waɗanda suka yi makaranta a cikinmu sun ji sunan Joj Washinton. Sun sani shi ne shugaban ƙasar Amurka na fari, babban birnin ƙasar kuwa da sunansa a ke kiransa. Amma ba kowa ya san yadda ya soma ba. A cikin darasin wannan wata ba za mu dube shi yana dattijo mai furfura ba. Za mu bi sawunsa cikin shekara biyar, watau daga 1753 zuwa 1758, sa'anda ya ke saurayi, hafsa cikin soja, ana kuwa tsakiyar yaƙi.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓi wannan labari. An ɗora wa Washinton babban kaya tun bai san nauyinsa ba. Ya yi kurakurai, kurakuran nan kuwa sun ci rayukan mutane. Duk da haka bai lalace ba, gama a hankali ya koya daga faɗuwarsa. Akwai samari a cikinmu da a ke ba su girma da wuri saboda karatunsu, akwai kuma dattawan da su ke ba su girman. Darasin nan na duka biyu ne.

Ƙasar da a ke gardama a kanta

A zamanin nan babu ƙasar da a ke ce da ita Amurka mai mulkin kanta. Turawan Ingila suna zaune a bakin teku ta wajen gabas, cikin yankuna dabam dabam ƙarƙashin Sarkin Ingila. Ɗaya daga cikin yankunan nan shi ne Birjiniya, inda aka haifi Washinton ran 22 ga watan Fabrairu, 1732. Faransawa kuwa suna riƙe da Kanada can arewa. Tsakanin su biyu, bayan duwatsu, akwai wata babbar ƙasa ta kurmi wadda Kogin Ohayo ya ratsa. Ingila ta ce tata ce, Faransa ta ce tata ce. Amma tun kafin zuwan ko wannensu akwai masu ƙasar na asali suna zaune a ciki, su ne Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, ko da ya ke ba abin da ya gama su da ƙasar Indiya. Su ma suna so a bar musu ƙasarsu.

Uban Washinton ya rasu yana da shekara 11 da haihuwa. Bai yi makaranta mai zurfi ba, amma ya iya lissafi, har ya zama safiyo, mai awon ƙasa, yana da shekara 17. Wannan aiki ya koya masa kwana a jeji da jimrewa da wahala. Wansa, Lawrence, hafsa ne, shi ne kuwa ya sa masa sha'awar soja. Da wan ya rasu a 1752, sai ƙanen ya nemi irin matsayinsa, aka kuwa ba shi. A farkon 1753 ya zama manjo cikin mayaƙan Birjiniya. Mu lura da kyau: bai taɓa shiga makarantar soja ba, bai taɓa ganin yaƙi ba ko sau ɗaya. Sanin manyan mutane ne ya kai shi.

Manzon gwamna

A cikin wannan shekara labari ya iso cewa Faransawa suna gina kagarai a kan hanyar Kogin Ohayo. Gwamnan Birjiniya, Robert Dinwiddie, ya rubuta takarda zuwa ga shugabansu, cewa su tashi su bar wurin. Ana neman wanda zai kai takardar, sai Washinton ya ce shi zai je. Ya tashi ran 31 ga watan Oktoba, 1753, yana da shekara 21. Ya ɗauki ja-gora mai suna Christopher Gist, wanda ya san kurmin ƙwarai. Da shi ke bai iya Faransanci ba, ya ɗauki tafinta kuma, wani mutumin Holan, Jacob Van Braam. Mu riƙe sunan tafintan nan, gama za mu sāke gamuwa da shi.

A hanya ya sadu da wani shugaban Indiyawa, Tanacharison, dattijo wanda ya ke ƙin Faransawa. Tare suka isa kagarar Le Boeuf ran 11 ga watan Disamba. Shugaban Faransawa ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi abinci, kāna ya amsa cewa shi kam umurnin na gaba da shi ya ke bi, ba zai tashi ba. Washinton bai zauna banza ba. Ya ƙidaya jiragen ruwan da su ke da su, ya dubi ginin kagarar, ya rubuta kome.

Komawa ta fi zuwa wuya, domin tsakiyar hunturu ne, irin sanyin da ruwa ya kan daskare ya zama ƙanƙara. Dawakai suka gaza, shi da Gist suka ci gaba da ƙafa. Da suka zo Kogin Allegheny suka ɗaure itatuwa domin su haye a kai, sai Washinton ya faɗa cikin ruwan, da ƙyar ya fita. Suka kwana a wani tsibiri da jiƙaƙƙun tufafi. Da gari ya waye kogin ya daskare, suka taka bisa ƙanƙara suka haye. Ya isa wurin gwamna ran 16 ga watan Janairu, 1754. Aka buga labarin tafiyarsa, har a birnin Landan aka karanta shi. Wannan aiki ya yi shi da kyau. Amma yabon da ya samu ya sa shi da gwamna duka suka ɗauka wanda ya iya kai saƙo ya iya jan runduna.

Minti goma sha biyar

Aka ƙara masa girma, ya zama mataimakin kanar. A watan Afrilu, 1754, ya tashi da mutum wajen 160, yawancinsu matalauta ne waɗanda ba su da horon soja, waɗansu ma ba su da takalma. An aike shi ya tsare wurin da koguna biyu suka gamu suka zama Kogin Ohayo, inda birnin Pittsburgh ya ke yanzu. Tun yana hanya ya ji Faransawa sun riga shi, sun kuma soma gina kagararsu mai suna Duquesne. Duk da haka ya ci gaba.

A ƙarshen watan Mayu Tanacharison ya aiko masa cewa ga waɗansu Faransawa sun sauka a wani kwari kusa. Washinton ya ɗauki mutum 40, suka yi tafiyar dare cikin ruwan sama. Da asuba, ran 28 ga watan Mayu, su da mutanen Tanacharison suka kewaye Faransawan, waɗanda ba su wuce 35 ba. Aka buɗe wuta. Cikin minti 15 an gama. Faransawa wajen 10 suka mutu, aka kama 21, ɗaya ya tsere ya kai labari. A cikin matattu har da shugabansu, wani ƙaramin hafsa mai suna Jumonville. Waɗansu da suka ba da labarin sun ce rauni kaɗai ya yi a cikin faɗan, yana ƙoƙarin bayyana takardar da ya ke ɗauke da ita, sai Tanacharison ya fasa masa kai da ɗan gatari.

To, a ranan nan Ingila da Faransa ba su yi shelar yaƙi da juna ba tukuna. Faransawa suka ce Jumonville manzo ne, takarda ya kawo, kamar yadda Washinton kansa ya kai musu tasa 'yan watanni da suka wuce, ba wanda ya taɓa shi. Washinton ya ce 'yan leƙen asiri ne. Ko wanne ne gaskiya, bai tsaya ya bincika ba kafin ya sa a yi harbi, bai kuwa iya tsare ran mutumin da ya faɗa hannunsa ba. Bayan kwana kaɗan ya rubuta wa ƙanensa cewa ya ji ƙarar harsashi tana wucewa, ta kuwa yi masa daɗin ji. Maganar yaro ke nan wanda bai san abin da ya tayar ba. Hausawa sun ce sauri ya kan haifi nawa.

Kagarar Tilas

Kwana uku bayan wannan, kanar ɗin rundunar, Joshua Fry, ya rasu, gama ya faɗo daga kan doki. Shi ke nan, Washinton ya zama kanar yana da shekara 22. Ya sani Faransawa za su zo ramuwa, saboda haka ya gina 'yar kagara ta itace, ya sa mata suna Necessity, watau Tilas. Kewayayya ce, faɗinta ƙafa 50 da 'yan kai. A ina ya gina ta? A tsakiyar fadama, ga tuddai masu itatuwa kewaye da ita, kusa har harsashi yana iya kaiwa. Ko manomi ya san abin da ya kan sami fadama ran da aka yi ruwa.

Wata matsala kuma ta taso. Aka aiko masa gudummawa, soja wajen 100 ƙarƙashin Kyaftin James Mackay. Shi Mackay daga hannun Sarkin Ingila ya sami hafsancinsa, na Washinton kuwa daga hannun gwamna ne. Domin wannan kyaftin ɗin ya ƙi karɓar umurni daga wurin kanar, mutanensa suka ƙi aikin hanya sai an biya su dabam. Maƙiyi yana zuwa, shugabanni biyu suna ja-in-ja a kan wane ne babba.

Tanacharison ya dubi wurin, ya ga ba za a ci nasara ba, ya kwashe mutanensa ya tafi. Daga baya ya faɗa wa wani tafinta ra'ayinsa a kan Washinton. Ya ce mutum ne mai kyakkyawan hali, amma bai san kome ba tukuna, ba ya karɓar shawara daga wurin Indiyawa, yana kuwa ba su umurni sai ka ce bayinsa. Wannan shaidar dattijo ce wanda ya san kurmin tun kafin a haifi Washinton.

Ran 3 ga watan Yuli, 1754, Faransawa wajen 600 da Indiyawa wajen 100 suka iso. Shugabansu de Villiers ne, ɗan'uwan Jumonville. Mutanen Washinton wajen 400 ne, da yawa kuwa ba su da lafiya. Maƙiyan ba su fito fili ba. Suka ɓuya bayan itatuwa bisa tuddai, suna ta harbi tun hantsi har dare. Ruwan sama ya yi ta zuba, ramukan da sojan su ke ciki suka cika, albarushi ya jiƙe, bindigogi suka ƙi tashi. Aka harbe dawakai da shanu duka. Da yamma waɗansu sojan suka fasa ma'ajin barasa suka bugu. Mutum wajen 30 suka mutu, wajen 70 suka yi rauni. Faransawa uku kaɗai suka mutu.

Takardar da bai iya karantawa ba

Da dare Faransawa suka yi kira a yi magana. Aka aiki Van Braam, ya komo da takardar sharuɗa a rubuce da Faransanci. Ruwa ya ɓata rubutun, hasken kyandir ne kaɗai, iska tana neman kashe shi. Van Braam ya yi ta fassarawa da baki. Sharuɗan suna da sauƙi: za a bar su su tafi gida da tutarsu da bindigoginsu, su mayar da Faransawan da suka kama, su bar kyaftin biyu jingina. Amma a cikin takardar akwai wata kalma a kan Jumonville wadda ma'anarta kisan gilla ce. Tafintan ya juya ta ya ce mutuwa. Washinton ya sa hannu, Mackay ma ya sa. Da safe, ran 4 ga watan Yuli, suka fita da masu rauninsu.

Faransawa suka kai takardar ƙasarsu, suka buga ta domin dukan Turai su gani, cewa ga hafsan Ingila da hannunsa ya yarda ya yi wa manzo kisan gilla. Washinton ya yi ta cewa ba haka aka fassara masa ba. Amma hannu ya riga ya sauka a takarda. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wutar da ta kama a wannan kurmi ba ta tsaya a can ba. A 1756 Ingila da Faransa suka yi shelar yaƙi, shi ne a ke kira Yaƙin Shekara Bakwai. An gwabza a Turai, da Indiya, da tsibiran teku, har da gaɓar Afirka ta Yamma, inda Turawan Ingila suka ƙwace wuraren Faransawa a Senegal a 1758. Ba mu ce saurayin nan kaɗai ya jawo wannan duka ba, gama ƙasashen biyu sun daɗe suna harar juna. Amma harbin farko, shi ya ba da umurninsa.

A ƙarshen 1754 gwamna ya rarraba rundunar, ya ce ba hafsan da zai wuce kyaftin. Washinton ya ga za a rage masa girma, sai ya ajiye aikin ya koma gona.

Tare da Janar Braddock

A 1755 Ingila ta aiko da Janar Edward Braddock da bataliya biyu na sojan Sarki, domin ya ƙwace kagarar Duquesne. Wannan karo Washinton ya yi abin hikima. Ya roƙa a bar shi ya bi janar ɗin ya zama mai taimakonsa, ba albashi, ba runduna a hannunsa, domin ya ga yadda gwanaye su ke yi. Ya kuwa ga abubuwa da yawa: yadda a ke rubuta umurnin kowace rana, da yadda a ke lissafin abinci, da yadda a ke tsara sansani.

Braddock tsoho ne a aikin, yana da shekara wajen 60, jarumi ne kuma. Amma yaƙin filin Turai ya sani, inda soja su kan jeru sahu sahu su yi harbi tare. Ya raina Indiyawa, har waɗanda suka zo taimakonsa suka watse, takwas kaɗai suka rage. Tafiyar ta fi mil 100 cikin kurmi da duwatsu, ana sare hanya domin kekunan dawaki da igwa, wata rana ba a wuce mil biyu ko uku. Washinton ya ba da shawara a raba rundunar, masu sauri su yi gaba, masu kaya su biyo baya. Aka yi haka, mutum wajen 1,300 suka yi gaba. Shi kansa atuni da masassara suka kwantar da shi, sai a keken kaya aka kawo shi. Ya iske su ana gobe yaƙi, ya ɗaura matashin kai bisa sirdi domin ya iya hawa.

Ran 9 ga watan Yuli suka haye Kogin Monongahela, saura mil wajen 10 su kai kagarar. Nan suka yi karo da Faransawa da Indiyawa wajen 900. Nan da nan maƙiyan suka bazu cikin itatuwa dama da hagu. Sojan Sarki da jajayen rigunansu suka cunkushe a ƙunƙuntar hanya, ba su ganin wanda ya ke harbinsu, har suna harbin junansu. Aka yi wajen sa'a uku ana haka. Kusan mutum 900 suka mutu ko suka yi rauni. Cikin hafsoshi 86, an sami 63. Braddock kansa harsashi ya same shi a ƙirji.

A ranan nan aka ga wani hali na Washinton wanda ba a gani ba dā. Aka harbe dawakai biyu a ƙarƙashinsa, harsashi huɗu suka huda rigarsa, amma bai gudu ba. Ya sa aka ɗauke janar ɗin, ya tattara waɗanda suka ragu suka sāke haye kogin. Kāna, da rashin lafiyarsa, ya yi tafiyar dare wajen mil 40 a kan doki domin ya kirawo taimako daga masu kaya. Braddock ya mutu ran 13 ga wata. Aka binne shi a tsakiyar hanya, kekuna suka bi ta kai domin kada maƙiya su gane kabarin. Wurin ba shi da nisa da fadamar nan ta Kagarar Tilas. Da Washinton ya rubuta wa ƙanensa wannan karo, babu zancen daɗin ƙarar harsashi. Ya ce kiyayewar Allah ce ta fisshe shi, fiye da yadda mutum zai yi tsammani, gama mutuwa tana ta kāsar da abokansa ta kowane gefe.

Shekara uku na aikin da ba a yabo

A watan Agusta, 1755, aka naɗa shi shugaban dukan sojan Birjiniya, yana da shekara 23. Aikinsa shi ne ya tsare iyaka mai tsawon mil wajen 350, da mutanen da sau da yawa ba su kai 1,000 ba. Mahara su kan faɗo wa ƙauye su ƙone shi, kafin soja su iso sun ɓace. Babu babban yaƙi, babu suna. Aikin kullum shi ne neman abinci, da takalma, da barguna, da albashin soja, da rubuta takardu ga gwamna da majalisa. A nan ne ya koyi ainihin aikin hafsa. Ya sami littattafan soja ya karanta, ya kuma gargaɗi hafsoshinsa su yi karatu, yana nuna musu cewa aiki ne ya ke mai da mutum hafsa, suna kaɗai bai isa ba. Horonsa yana da tsanani ƙwarai. Ana yi wa masu laifi bulala ɗari ɗari, a 1757 kuwa ya sa aka rataye mutum biyu da suka gudu daga soja. Amma rundunar ta zama abin dogara.

Kada mu yi tsammani ya sāke gaba ɗaya. Son girma bai rabu da shi ba tukuna. A 1756 ya bar iyakar, ya yi tafiyar makonni a kan doki har birnin Boston, domin a yanke hukunci tsakaninsa da wani kyaftin a kan wanda ya ke gaba. Ya yi ta neman hafsanci daga hannun Sarki, bai kuwa taɓa samu ba.

A 1758 aka aiko da wani janar, John Forbes. Shi mara lafiya ne, a kan gadon da aka rataya tsakanin dawakai biyu a ke ɗaukarsa. Amma mai haƙuri ne. Ya zaɓi ya sare sabuwar hanya ta yankin Pennsylvania, yana gina kagara da rumbun abinci a kowane zango. Washinton ya nace a bi tsohuwar hanyar Braddock, wadda za ta amfani mutanen Birjiniya wajen ciniki. Ya yi ta rubuta takardun ƙorafi a bayan janar ɗin, yana cewa wannan tafiya za ta lalace. Forbes ya gane, ransa ya ɓaci, amma bai sāke shawara ba. Ban da hanya kuma, ya sa aka nemi sulhu da Indiyawa, aka ƙulla alkawari da su a garin Easton a watan Oktoba. Da yawa suka janye daga bayan Faransawa.

Ran 12 ga watan Nuwamba wani mugun tsautsayi ya auku. Ƙungiya biyu ta sojan Birjiniya suka gamu da magariba, kowace ta zaci ɗayar maƙiya ce, suka buɗe wa juna wuta. Washinton ya shiga tsakaninsu yana buge bakin bindigogi sama da takobinsa. Mutum 14 suka mutu, 26 suka yi rauni. Bayan kwana goma sha biyu Faransawa, da suka ga an bar su su kaɗai, suka sa wa kagarar Duquesne wuta suka tafi. Ran 25 ga watan Nuwamba Forbes ya shiga wurin ba tare da yaƙi ba. Abin da gaggawar saurayi ta kāsa, abin da taurin kan Braddock ya kāsa, haƙurin mara lafiya ya yi shi. Washinton ya gani da idonsa shawararsa ce ba daidai ba. A ƙarshen shekarar ya ajiye aikin soja, yana da shekara 26. Hafsoshinsa suka rubuta masa takarda suna baƙin cikin rabuwa da shi.

Amfanin da faɗuwar ta yi masa

Bayan shekara 17, a 1775, mutanen yankunan nan suka tayar wa Ingila, suka naɗa shi babban janar. A nan aka ga abin da ya koya. An ci shi a yaƙi sau da dama, musamman a birnin New York a 1776, amma bai sāke yarda a rufe shi a wuri ɗaya kamar a fadamar nan ba. Ya kan janye ya tsirar da rundunarsa. Ya kan tara hafsoshinsa ya ji ta bakinsu kafin ya yanke shawara. A 1781 yana so ya faɗa wa New York, amma abokan yaƙinsa suka ga ya fi kyau a nufi kudu. Ya bar ra'ayinsa ya bi nasu, aka kuwa ci babbar nasara a Yorktown. Su wane ne abokan nan? Faransawa ne, maƙiyansa na dā. Da yaƙi ya ƙare, ran 23 ga watan Disamba, 1783, mutumin da ya taɓa tafiya har Boston saboda girma ya mayar wa majalisa da ikonsa duka, ya koma gona. Ya yi shugabancin ƙasa daga 1789 zuwa 1797, kāna ya sauka da kansa.

Ba mu ce ba shi da aibu ba. Ya mallaki bayi baƙaƙen fata har ran mutuwarsa a 1799, sai a cikin wasiyyarsa ya ce a 'yanta nasa. A 1779 kuma da umurninsa aka ƙone garuruwan Indiyawa wajen 40. Akwai darussan da bai koya ba, ko kuwa ya koya a makare.

Abin da ya shafe mu

Na fari, ga samari. Takardar naɗi ba ta kawo sani. Ran da aka ba mutum ofis, ko aji, ko ma'aji, ko jama'a, abin da ya sani jiya shi ya sani yau. Bari wanda aka ɗaga ya nemi Tanacharison nasa, watau wanda ya daɗe a wurin, ko da bai iya karatu ba, ya tambaye shi, ya kuma ji. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a takardar da ba mu fahimta ba, ko ta gona ce, ko ta bashi, ko ta shaida. In da harshen da ba mu iya ba aka rubuta ta, mu nemi mutum na biyu ya karanta mana. Gajiya da dare da matsin mai jira ba su isa dalili ba.

Na uku, ga dattawa da masu naɗi. Laifin fadamar nan ba na Washinton kaɗai ba ne. Gwamnan da ya tura ɗan shekara 22 da mutane marasa horo gaban rundunar Faransa yana da rabonsa. In mun ba yaro kaya, mu tsaya kusa da shi. In kuwa ya faɗi, kada mu yi saurin yashe shi. Da mutanen Birjiniya sun yashe Washinton a 1754, da ba a sami janar na 1775 ba.

Na huɗu, faɗuwa ita kaɗai ba ta koya wa kowa kome. Mutane da yawa sun faɗi, suka tashi da wautarsu kamar dā. Wanda ya amfana shi ne wanda ya koma ya zauna ƙarƙashin wani domin ya koya, ya kuma jimre da shekarun aikin da ba mai yabonsa. Mu tuna kuma, kuɗin makarantar nan waɗansu ne suka biya shi da rayukansu. Saboda haka ya fi kyau mu koya daga labarin wani tun namu bai zo ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne Washinton ya iya tun kafin a ba shi runduna, waɗanne ne kuwa bai iya ba?

2. Me ya sa Tanacharison ya rabu da shi? Da me zai yi domin ya riƙe shi?

3. Ku gwada halin Braddock da na Forbes. Wanne ne a cikinsu ya fi koya wa Washinton, ta ƙaƙa?

4. Wa ya fi laifi a kan takardar nan, tafinta ko wanda ya sa hannu?

5. In saurayin da muka ba aiki ya yi babban kuskure, yaushe ya kamata a sauke shi, yaushe kuma ya kamata a sāke gwada shi?